Anti Hansai da Muryar Bogi a Zaɓen Unguwarmu

Duk wanda ya saba wucewa ta gaban laburaren unguwarmu a nan Barking ta gabashin Landan da safe ya san ana yin layi tun kafin a buɗe ƙofa. Ba masu neman littafi ba ne. Yawancinsu tsofaffi ne riƙe da waya, sai mata da keken jarirai, sai masu gadi da suka tashi daga aiki ko gida ba su leƙa ba. Anti Hansai suke jira.

Takan sauko daga bas da doguwar kwat baƙa a kan atamfa, jaka a kafaɗa, filas ɗin shayi mai citta a hannu. Sai ta gaisa da mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, da Hausa ko Turanci ko ɗan Yarbancin da ta tsinta, sannan ta shiga ta ƙofar ma'aikata. Aikinta na farko shi ne ta kunna kwamfutocin da ke jere a jikin bangon baya, ta goge su, ta gwada firinta. Daga nan sai ta shiga jan kujeru. A tsarin laburaren kujera ɗaya ce a gaban kowace kwamfuta, ita ce ta mayar da su bibbiyu, ɗaya ta mai buƙata, ɗaya tata. Idan ka zauna kuwa, ba za ta taɓa maka komai ba. Da yatsa za ta nuna, ta ce, "Danna can. A'a, kai za ka danna da hannunka. Ba kullum ne za ka same ni a nan ba."

Ranar da take faɗa ta zo. A ƙarshen watan jiya Malama Hansai Ladan ta yi ritaya, bayan shekara ashirin da 'yan kai a wannan wuri. Ni direban bas ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma na daɗe a unguwar nan, na ga wasu abubuwa da idona, kuma na lura cewa idan ba a rubuta su ba, nan da 'yan shekaru za a ce ai dama haka al'amura suke tafiya da kansu.

'Yar Funtuwa ce. Ta koyar a firamare kafin ta biyo mijinta, marigayi Malam Ladan, wanda karatu ya kawo shi Landan, aiki kuma ya zaunar da shi. Da jera littattafai a kanta ta fara. Da aka kawo kwamfutoci aka rasa mai haƙurin zama da waɗanda ba su iya ba, sai aka tura ta can. Ita kanta a lokacin koyo take yi.

Shekarun da ta yi a teburin nan su ne shekarun da hukuma ta tattara kanta ta koma cikin waya. A da, idan kana da ƙorafi ka san ofishin, ka san tagar, ka san akwai mutum a bayanta. Sannu a hankali tagogin suka yi ta rufewa. Neman flat, wato gidan zama, kai kukan na'urar ɗumama ɗaki da ta lalace, jin ra'ayin jama'a kan hanyar da za a rufe, rajistar zaɓe, duk sai a ce ka shiga intanet. Ga 'ya'yanmu wannan sauƙi ne, suna kwance a kan kujera za su gama. Ga iyayenmu kuwa, an ce musu suna da 'yanci, amma an kai ƙofarsa inda ba su san hanya ba. Anti Hansai ce ta zauna tana nuna hanyar.

Akwai wata dattijuwa, Amamata, 'yar Zangon Kumasi, wadda ta ƙare ƙarfinta tana sharar ofisoshi a tsakiyar birni. Ta zo laburare ne a kan maganar katinta na hawa bas. Suna cikin yi sai Anti Hansai ta tambaye ta ko ta yi rajistar zaɓe. Amamata ta yi dariya ta ce wannan ai na Turawa ne. Anti Hansai ta buɗe shafin gwamnati ta karanta mata, ta fassara: ɗan Ghana ko ɗan Najeriya da ke da izinin zama yana da ƙuri'a a ƙasar nan. Tsohuwar ba ta yarda ba sai da aka maimaita mata. Ranar zaɓen da ya biyo baya na haɗu da ita a bakin makarantar da ake kaɗa ƙuri'a, ta ci ado kamar za ta gidan biki. Ta kama hannun rigata ta ce, da Hausarta ta Zango, "Malam Almu, shekara nawa ina share ƙasan nan, ba wanda ya gaya mini. Anti Hansai shi ne ya gaya mini." Tun daga lokacin ba zaɓen da ya wuce ta, har na abin da ni kaina ban san ana zaɓe a kansa ba.

Haka kuma ita ce ta ɓullo da kallon zaman council, wato majalisar ƙaramar hukumarmu. Ana nuna zaman a intanet, ana kuma ajiye shi don mai son ya kalla daga baya, sai dai ba wanda ke kallo a cikinmu. Duk lokacin da aka tattauna abin da ya shafi unguwarmu, washegari sai ta kunna a babban allon da ke lungun laburare, ta tsaya a gefe tana fassarawa. A nan muka fara sanin fuskokin waɗanda muka zaɓa. Muka gane mai magana, muka gane wanda zuwa kawai yake yi ya ɗumama kujera. Mutane suka fara rubuta wa kansilolinsu imel, suna cewa na ji abin da ka ce ranar kaza, kuma ba haka ka gaya mana ba.

Sai maganar zauren WhatsApp. Ita ta buɗe shi don sanarwar rasuwa da suna da neman aiki, aka raɗa masa suna Zauren Barking. Ya cika har ya tumbatsa, mutanen unguwannin Thamesmead da Whitechapel ma suka shigo. Duk wanda ke cikin irin waɗannan zauruka ya san abin da ke yawo a ciki. Lokacin da aka kafa dokar nuna katin shaida mai hoto kafin a kaɗa ƙuri'a, wani saƙon murya ya zagaya yana cewa duk wanda ya nuna fasfo a rumfar zaɓe, nan take za a tura bayanansa ga jami'an shige da fice. Mutane suka tsorata, har da masu cikakkun takardu. Anti Hansai ta nemo bayanin hukumar zaɓe, ta naɗi nata saƙon da Hausa mai sauƙi, ta ce ma'aikacin rumfa duba fuskarka kawai zai yi ya miƙo maka katinka. Ta ƙara da cewa wanda ba shi da katin ya same ta a laburare su nemi na kyauta tare. Makonni aka yi tana ɗaukar tsofaffi hoto a jikin farin bango. Dokarta a zauren ɗaya ce: kafin ka turo magana a kan zaɓe, ka iya faɗin inda ta fito. Yara suka dinga kiran ta Anti Wa-ya-faɗa, ita kuma tana amsawa.

Duk wannan aiki ne mai kyau, amma ba a kansa na ɗauki alƙalami ba. Mutum yana iya yin alheri shekara da shekaru ba tare da alherin ya taɓa cin masa komai ba. Nata ya ci.

Shekara biyu da suka wuce kansilan mazaɓarmu ya ajiye aiki saboda rashin lafiya, aka sa ranar zaɓen cike gurbi. A cikin waɗanda suka fito, biyu ne ake ganin za su kai labari. Akwai Margaret, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, haifaffiyar unguwar. Akwai kuma Baha'uddeen Maje, matashin lauya, wanda ya tsaya ba tare da jam'iyya ba. Shi ne ɗanmu na farko da ya taɓa fitowa takara a nan, don haka kowa ya ɗauki abin kamar nasa. Ni kaina na raba masa takardun yaƙin neman zaɓe a ranakun hutuna. Kuma Baha'uddeen ɗan wan Anti Hansai ne, wan da suke uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsa, Alhaji Maje, shi ne ya tsaya mata tsayin daka lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Shi kuwa yaron, a gaban kwamfutocin nan nata ya yi aikin gida na makaranta tun yana firamare.

Ranar Litinin ta makon zaɓe wani saƙo ya faɗo cikin zaure. Muryar Margaret ce, da Turanci, an rubuta fassarar Hausa a ƙasa. An ce an naɗe ta ne a taron da 'yan takara suka yi da jama'a a makon da ya gabata. Tana cewa wurin nan dole a rufe shi, da zarar ta ci zaɓe za ta tabbatar an hana Musulmi amfani da ɗakin taro na unguwa. A wannan ɗaki 'ya'yanmu ke karatun Islamiyya ranar Asabar, a nan muke zaman makoki, a nan muke buɗa baki da azumi. Ina hutun rana a garejin bas na saurara. Muryarta ce sak, har da ɗan tarin da take yi kafin ta fara magana.

Kafin la'asar zaure ya kama da wuta. Wasu na cewa a fita zanga-zanga, wani ya turo hoton ƙofar gidan matar. Da Anti Hansai ta ga hoton, sai ta goge shi, ta goge saƙon muryar, ta kulle zauren yadda ba mai iya rubutu sai ita. Ta rubuta layi biyu, cewa ba ta ce ƙarya ba ne, ba ta ce gaskiya ba ne, a ba ta zuwa gobe ta bincika.

Washegari da safe ta kira ni, da yake ba ni da aiki ranar, ta ce in zo in zama shaida. Masu shirya taron 'yan takarar sun nuna shi a intanet, kuma bidiyon yana nan bai goge ba. Muka zauna a gaban kwamfuta ɗaya, ni da ita da Amamata da wasu dattawa biyu, muka kalle shi daga farko har ƙarshe ba tsallake. Taro ne mai tsawo da gundura. Can wajen tsakiya Margaret ta yi ɗan tarinta ta ce wurin nan dole a rufe shi. Muka miƙe zaune. Ashe magana take a kan wani kangon gareji da ke bayan shaguna, inda 'yan ƙwaya ke taruwa. Baha'uddeen ma yana gefenta a bidiyon yana gyaɗa kai. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ɗakin taro ba, ba ta ambaci Musulmi ba. Jimlar farko tata ce, aka yanko. Sauran kuwa na'ura aka koya wa muryarta ta faɗa. Har yau ba mu san wanda ya haɗa shi ba.

Anti Hansai ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ɗauki waya ta kira ɗan wanta, ta sa yadda za mu ji, ta kuma gaya masa muna ji.

"Baha'u, ka saurari saƙon nan?"

"Na ji, Goggo. I didn't make it, wallahi."

"Na yarda ba kai ka yi ba. Amma kana zaune a wurin ranar. Ta faɗi haka?"

Ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Baha'u, da kai nake."

"Ba ta faɗa ba." Ya ja numfashi. "Goggo, zaɓen ranar Alhamis ne fa. Just leave it till Friday. Please."

Ta ce, "Ba zan bari ba. Amma na fi so a ji daga bakinka. Ka fito ka ce ƙarya ce, ba da yawunka aka yi ba. Mutane za su ƙara ganin girmanka. Zan jira ka zuwa gobe da safe."

Ya ce zai yi shawara da mutanensa.

Da azahar sai ga Alhaji Maje da kansa a laburare, wurin da ban taɓa ganin ya taka ba. Mutum ne mai kamala, ba ya ɗaga murya. Ya gaisa da mu, ya ce da ita su ɗan keɓe. Lungun da suka tsaya ba shi da nisa, ɗakin kuma shiru ne, don haka mun ji.

Ya ce, "Hansai, ba cewa na yi ki tura komai ba. Cewa na yi ki yi shiru. Ki buɗe zauren nan ki bar mutane su yi maganarsu."

Ta ce, "Yaya, an sa hoton ƙofar gidanta. Ita kaɗai take zaune. Idan wani yaro ya je ya yi wani abu fa?"

"Ba wanda zai je. Ke dai kin san yadda aka yi muka kawo nan. Su idan sun samu irin wannan a kanmu, kina tsammanin za su tsaya bincike? Ɗanki ne fa."

"Ɗana ne, Yaya. Ni na koya masa riƙe fensir. Ba na so ranar da zai fara zama a kujerar nan ya zamana da wannan ya hau."

Ya dube ta ya ce, "Ashe akwai ranar da zan roƙe ki abu ki hana ni."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yafe mini. Komai ka ce in yi zan yi, ban da wannan."

Ya juya ya fita. Ita kuma ta shiga ban-ɗaki ta wanke fuska, ta dawo ta zauna kusa da wani tsoho da ke neman a nuna masa yadda ake booking ɗin ganin likita.

Laraba da safe ba a ji komai daga Baha'uddeen ba. A lokacin hutunta na shan shayi ta fita waje da wayarta, ta tura abu uku a zaure: saƙon bogin, gutsuren bidiyon gaskiya, da adireshin cikakken taron don mai son ya kalla da kansa. Ta naɗi murya ta ce ba ta ce kowa ya zaɓi wani ko ya ƙi wani ba, ta dai ce wannan magana ba a faɗe ta ba. Sannan ta buɗe zauren.

Abin da aka rubuta mata a ranar ba zan maimaita shi duka ba. An ce an saye ta. An ce baƙin ciki take yi da ɗan wanta. Wata mata da Anti Hansai ce ta nema wa mahaifiyarta katin zaɓe ta rubuta cewa dama wasu idan sun daɗe cikin Turawa sai su manta da nasu. Wani mai suna Ahmad, ɗalibin digiri na uku, ya yi tambayar da ta fi duk zagin nauyi. Ya ce ya yarda saƙon bogi ne, amma wa ya zaɓi Anti Hansai har da za ta rufe bakin ɗaruruwan mutane a makon zaɓe? Ba ta ba shi amsa ba a lokacin. Da yamma Baha'uddeen ya fitar da gajeriyar sanarwa yana nesanta kansa da saƙon, yana ba Margaret haƙuri. Ya makara, amma ya yi, kuma ya kamata a faɗa.

Ranar Alhamis aka yi zaɓe. Margaret ta ci da tazara kaɗan. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an yi shiru da Baha'uddeen ya ci, ba kuma wanda zai iya rantsuwa cewa da bai ci ba. Mutane da yawa dai sun yanke nasu hukuncin.

Wani ya kai ƙara wajen aikinta cewa ma'aikaciyar council tana yi wa 'yar takara kamfe. Shugabarta, Janet, ta bi ƙa'ida, ta ɗauke ta daga teburin kwamfuta har a gama bincike. Makonni ta yi a ɗakin baya tana liƙa wa littattafai lamba, masu layi suna zuwa suna komawa. Binciken ya wanke ta tas, ta dawo teburinta. Na gida ne bai wanku ba. Da matar Baha'uddeen ta haihu, a zaure Anti Hansai ta ga sanarwar suna kamar kowa. Sallar waccan shekarar, maimakon gidan Yayanta inda ta saba yi tun rasuwar mijinta, a flat ɗin Amamata ta ci tuwo. Ba ta taɓa kawo mini ƙorafi ba. Na ga dai ta rame.

Ke ce, Anti Hansai, kika dawo kan tambayar Ahmad bayan ƙura ta lafa, alhali kowa ya manta da ita. Kika rubuta a zaure cewa yaron nan yana da gaskiya, ba wanda ya zaɓe ki, kuma bai kamata makullin wurin da mutane da yawa haka ke magana ya zauna a hannun mutum ɗaya ba, ko da mutumin na da kyakkyawar niyya. Kika ce da za a maimaita ranar, da kin sake gogewa kin sake kullewa, amma daidai wannan ne ya sa bai kamata a bar ki ke kaɗai ba. Kika sa aka tsara ƙa'idoji a fili, aka yi muhawara a kansu, aka kaɗa ƙuri'a aka zaɓi mutum uku da za su riƙa kula da zauren na wa'adin shekara guda. Ba ki tsaya takara ba. Ahmad na cikin waɗanda suka ci, ke kuma kika zauna da shi kina nuna masa yadda ake bin sawun hoto a gano inda ya fito. Na ga shugabanni da yawa, a gida da nan, ban ga da yawa da suka miƙa makulli ba tare da an ƙwata ba.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin ya ƙare da kowa ya gane kurensa. Margaret kansila ce matsakaiciya. Ɗakin taro yana nan, yara na karatunsu, amma ta goyi bayan tsarin ajiye motoci da ya takura mana, kuma mun kalle ta a allon laburare tana ɗaga hannu. Saƙonnin bogi ba su daina zuwa ba, sai ma ƙara kyau da suke yi, yanzu har da fuska ake haɗawa. Akwai waɗanda har gobe suna ganin Anti Hansai ta yi wa al'umma asarar kujera. Abin da ya canja kaɗan ne: a zaurenmu, idan irin wannan ya shigo, akan samu mutum biyu ko uku da za su ce a dakata a duba. A da babu ko ɗaya. Na taɓa tambayar ta wa ta zaɓa a ranar, ta harare ni ta ce ko 'ya'yanta ba su sani ba.

An yi walimar ritayarta ranar Asabar da rana a ɗakin taron, bayan yara sun tashi daga Islamiyya. Janet ta yi jawabi, Margaret ta leƙo ta kawo furanni, Amamata ta dafo shinkafa da wake irin na mutanen Ghana a tukunyar da sai mutum biyu suka ɗauko. Ana cikin ci sai ga Baha'uddeen da 'yarsa a kafaɗa, ta fara tafiya. Ya ratsa mutane ya durƙusa a gaban Goggonsa, ya ɗora mata yarinyar a cinya. Ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Goggo, ga ta. Na yi late da kawo ta." Ta rungume yarinyar ta sa fuska a cikin gashinta. Alhaji Maje bai zo ba. Suna gaisawa yanzu idan an haɗu, amma ba kamar da ba. Da ta ji zan yi rubutun nan, sai da ta ja mini kunne kada in faɗi mummuna a kansa. Ba ni da mummunan da zan faɗa. Uba ne da ya so ɗansa ya ci.

Da aka matsa mata ta yi magana, ta miƙe da yarinyar a hannu ta yi godiya a taƙaice. Sannan ta ce, "Ni ban taɓa damuwa da wanda za ku zaɓa ba. Mutum yana iya zaɓe ya yi kuskure, bayan shekara huɗu ya gyara. So nake dai idan kun yi kuskuren ya zama naku ne, da hankalinku kuka yi, ba wani ne ya zauna a ɗaki ya ƙera muku shi ba."

Anti Hansai, uwar masu layi, mun gode. Mun gode da haƙurin da kika yi da iyayenmu a lokacin da mu 'ya'yansu muke ƙosawa mu fizge wayar mu ce kawo in yi miki. Mun gode da ranar da kika tsaya ke kaɗai, mu da muka kalli bidiyon tare da ke muka yi shiru a zaure muna jiran mu ga inda iska za ta kaɗa.

Ga sauranmu kuwa, ba sai mun yi aiki a laburare ba. Kowa yana da tsoho a gida ko a maƙwabta da bai san yana da ƙuri'a ba. Kowa yana cikin wani zaure, na dangi ko na 'yan gari ko na tsofaffin ɗalibai, kuma zaɓe na zuwa, a nan da can gida. Saƙon da ya fi wuyar tsayarwa shi ne wanda ya yi mana daɗi, wanda ke taimakon namu. A kansa za a gane ko mun koyi wani abu daga matar nan.

Allah ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya jiƙan Malam Ladan, ya raya miki zuriya. Allah kuma ya daidaita tsakaninki da Yayanki. Mu muka amfana da abin da kika yi, ke kika rasa shi, kuma wannan ba abu ne da walima ko rubutu zai mayar miki ba.